Mangwaron da ya Tsare Katafilar Munzali

Ranar da na fara ganin Malam Munzali, tarakta yake sayarwa, amma duk wanda ya tsaya ya saurara zai ɗauka ɓata cinikin yake so ya yi. A garejinsa ne da ke bayan tashar mota a Daura, cikin shekarar 2004, wata biyu da dawowata daga Sudan inda na yi shekara bakwai ina karatun ban-ruwa. Mai sayen wani manomi ne daga Zango, ya zo da shaidu biyu. Munzali ya dafa bayan taraktar kamar yadda ake dafa sa a kara, ya shiga jero aibinta: giya ta uku tana fita da kanta in an hau tudu, tayar baya ta hagu faci biyu gare ta, da safe sai an tura ta, kuma ba ta son direba mai fushi. Da manomin ya ce ya ji ya gani, sai Munzali ya ce bai gama ba. Akwai wani tari da take yi bayan la'asar wanda shi kansa bai gano dalilinsa ba tukuna.

An yi cinikin duk da haka. Manomin ya tafi yana murna kamar kyauta aka ba shi.

A Sandamu aka haifi Munzali. Mahaifinsa dillalin shanu ne a karar Mai'aduwa, wanda aka sani da cewa ba ya sallama dabba sai ya buɗe bakinta ya nuna wa mai saye haƙorin da ya karye. Munzali ya bi shi kasuwa har ya shekara goma sha bakwai, sannan taraktocin haya suka iso ƙasar Daura, ya bar shanu ya bi hayaƙi. Ya yi wankin inji, ya yi tuƙi, ya yi kanikanci. Da taraktocin suka mutu ɗaya bayan ɗaya aka yi gwanjonsu, shi ne ya riƙa bin su ƙauye-ƙauye. Yakan sayi matattu uku ya fitar da ɗaya mai rai, sauran ya jibge su a tsakar gida. Matarsa Zubaida ta taɓa gaya mini cewa kajinta sun daɗe da ƙin akurki, a kujerun taraktoci suke ƙwai, kuma ita ta daina faɗa tun da ta lura muzuru ba ya hawa can.

Ƙa'idojinsa biyu ne, duk daga kara ya taho da su. Ba ya saye sai ya gani da idonsa, ya kwanta ƙarƙashi, ya shafo man inji a yatsa ya sansana. Ba ya kuma sayarwa sai ya faɗi aibi a gaban shaidu. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, masu wa'azi suna ta jan kunnen 'yan kasuwa kan ɓoye aibin kaya, sai abokansa suka riƙa tsokanarsa cewa shi ya riga gwamnati da shekara ashirin.

Babban mai tsokanar shi ne Azubuike, mai shagon kayan gyara a kan hanyar Kano. Sun fi shekara goma sha biyar tare. A shekarar 2000, da hankula suka tashi mutanen kudu da yawa suka koma gida na ɗan lokaci, Azubuike bai kwashe kayansa ba. Ya miƙa wa Munzali makullin shago ya tafi. Bayan wata uku ya dawo ya tarar da shagon yadda ya bar shi, sai dai Munzali ya tare shi a ƙofa ya shaida masa cewa ɓera ya ci gefen kwali ɗaya, kuma laifinsa ne da bai sa tarko ba.

Abin da ya kai ni wurin Munzali tafki ne. Garin su mahaifiyata, Tudun Auta, tafki ɗaya gare su, shi shanu ke sha, daga shi ake ɗibar ruwan gini da na wanki. Kawuna Mainasara, wanda shi ne mai unguwa, ya ce tunda na yi karatun ruwa in zo in duba. Na auna na ga yashi da laka sun cike shi, tsakiyarsa ma ba ta wuce ƙugun mutum ba. Shi ya sa yake ƙafewa tun kafin sanyi ya wuce, a shiga kora shanu rijiya mai nisa. Duk bazara mutanen garin sukan yi gayyar yashe shi da kwanduna, amma abin da suke kwashewa a mako uku ruwan sama ɗaya ke mayarwa. Na gaya wa Kawu gaskiya, aikin katafila ne.

Da na kai wa Munzali maganar, sai ya ajiye sifanar da ke hannunsa yana murmushi. Ya ce akwai wata katafila. Shi ya tuƙa ta a 1985, lokacin da wani kamfani ke yin hanyar ƙasa ta wajen Mashi. Aikin ya tsaya, kamfanin ya tafi, aka bar ta a gefen wani ɗan ƙauye da maigadi. Daga baya ta faɗa hannun wani attajiri a Katsina wanda bai taɓa zuwa ya ɗauke ta ba har ya rasu. Cikin mako guda Munzali ya je Katsina, ya sami magada, suka yi ciniki.

Ranar Juma'a ya zo Tudun Auta. Bayan an sallame ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce in Allah ya yarda zai haƙa musu tafkin kafin ruwan fari ya sauka. Aka shafa fatiha. Nan take dattawa suka yanke shawarar soke gayyar wannan shekarar, a bar matasa su yi sharar gona, garin kuma ya tanadi man dizal. A hanyar komawa na tambaye shi yaushe ya je ya duba ta.

Ya ce, "Ɗan Sudan, ni na kashe ta da hannuna a wurin nan. Na san inda kowace ƙusa take."

Na tuna masa da ƙa'idarsa. Ya ce ƙa'ida ta baƙuwa ce, wannan kuwa 'yar gida ce.

Ranar Litinin muka tafi mu uku a motar Azubuike, da ganga biyu da akwatin kayan aiki. Ƙauyen gidaje ne da ba su fi goma ba, ana kiransa Gidan Ɗantsoho, da sunan maigadin. Munzali ya ce za mu hango ta tun daga nesa, rawaya ce, a fili take. Muka iso ba mu ga komai ba sai wani ƙaton mangwaro ya yi luf da 'ya'ya, awaki na kwance a inuwarsa. Sai da muka matso muka gane. Katafilar na nan a ƙarƙashi, sarƙoƙinta sun nutse cikin yashi. Bishiyar kuwa daga cikinta ta fito. Kututturen yana tsaye daidai tsakanin cebur ɗin ture ƙasa da gaban inji, hannuwan ƙarfe biyu da ke riƙe da cebur sun kewaye shi dama da hagu. Ba ta iya gaba, ba ta iya baya.

Azubuike ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Ya ce shekara goma sha biyar yana jiran ranar da zai ga an sayar wa Malam Munzali kaya ba a faɗa masa aibi ba, yau ga ta, kuma aibin har 'ya'ya yake yi. Munzali ya matsa kusa da katafilar. Ya cire hula, ya zagaya sau biyu, ya hau ya leƙa. Ya ga an kifa gwangwani a bakin salansa don kada ruwa ya shiga, kuma gwangwanin sabo ne. Ya ga giris a wuraren da ya kamata. Sannan ya buɗe gefen ƙaramin injin fetur wanda shi ke tayar da babban, ya tarar babu maganeto, wato abin da ke ba fulogi wuta. An kwance shi tsaf, ba ɓallewa aka yi ba.

Muna nan sai ga wata tsohuwa ta fito daga gida da buta a hannu. Ita ce Iya Hadijatu, matar marigayi Ɗantsoho. Aka gaisa, Munzali ya durƙusa ya yi mata ta'aziyyar da ta makara shekara shida, sannan ya faɗi abin da ya kawo mu. Ta saurara har ya gama. Ta ba mu labarin bishiyar ba tare da an tambaye ta ba. Mijinta ya dasa mangwaro sau huɗu a ƙauyen awaki na cinyewa. A na biyar sai ya lura babu akuyar da ke iya shiga bayan cebur, ya binne ƙwallon a nan. A kan cebur ɗin yake zama ya yi alwala, ruwan na gangarawa gindin dashen, da haka ya rayu.

Sannan ta ce, "Ƙarfe naka ne, ɗan nan, ɗauki abinka. Itace kuwa ban sayar ba."

Ta juya ta koma gida, ta aiko mana da mangwaro cike da kwano.

Shawarwari sun yi yawa a kwanakin da suka biyo. Wasu a Tudun Auta suka ce a sare bishiyar, aikin wuni ɗaya ne, a ba tsohuwar haƙuri. Wasu suka ce Munzali ya kai ƙara gaban alƙali. Wani malami ya gaya masa cewa yana da damar mayar wa magada da kayansu tunda aibi ya bayyana bayan ciniki. Munzali ya ce in ya mayar, da me zai haƙa tafkin? Ga gayya an soke saboda maganarsa. Kotu kuwa, me zai gaya wa alƙali, cewa shi Munzali ya sayi abu bai duba ba? Ai sai a yi shekara ana ba da labarinsa a tasha. Game da sara, cewa ya yi wanda ya dasa shi ke da itace, haka aka gada, kuma mutumin da ya yi shekaru yana zuba wa injin nan giris ba wanda ya sa shi bai cancanci a saka masa da gatari ba.

Dabararsa ita ce a raba cebur da katafila. Manyan ƙusoshi huɗu ne ke haɗa su, kowace kaurin damtsen mutum. In an zare su, katafila ta ja da baya, shanu su ja cebur gaba, bishiya ta tsaya a wurinta. Ni na ga dabarar ta yi daidai a takarda. Amma ƙusoshin sun shekara goma sha tara ba su motsa ba, tsatsa ta mai da su abu ɗaya da gidajensu.

Muka koma can da zama. Kullum da hantsi Munzali ke jiƙa ƙusoshin da kananzir da baƙin mai, ya doka da guduma, ya bari su sha, ya koma kan inji. Ya zubar da tsohon mai, ya wanke tanki, ya kwance bututu yana hurawa. Babban injin bai daskare ba, abin da ya sa ya yi ta yi wa Ɗantsoho addu'a. Azubuike kuwa neman maganeto ya shiga. Ya je Kano sau biyu, ya aika wa ɗan'uwansa a Onica, amsa ɗaya ce, an daina irin wannan tun kafin a haifi masu shagon. Munzali ya fara maganar haɗa taraktoci uku su ja ta da baya ko za ta kama, amma shi da kansa ya ce a wannan yashin taraktocin ne za su fara nutsewa.

Iya Hadijatu tana fitowa kullum ta zauna a tabarma can gefe tana gyaran wake. Ba ta cika magana ba, sai dai in guduma ta kuskure ta ce, "A hankali dai, mai ƙarfe." Shi kuma ya ce, "Da shi ake yi, Iya." Azubuike kuma, ta sa masa suna Mai Dariya, kullum tana tsokanarsa cewa ya fi awakinta cin mangwaro. Shi kuwa ya ce ai kuɗin mota yake fanshewa.

Ƙusa ta farko ta fita rana ta huɗu. Ta biyu da ta uku suka biyo cikin mako. A rana ta takwas shamuwa ta sauka a kan rimin ƙauyen, kowa ya ɗaga kai ya duba gabas. Kawu Mainasara ya zo da babur ya tsaya yana kallo, ya yi mana sannu da aiki kawai, amma na san abin da ake faɗa a garin.

Ƙusa ta huɗu ce ta gagara. A wannan gefen kututturen ya yi kauri har ya jingina da hannun ƙarfen, babu wurin da guduma za ta wuce sai an sassaƙe ɓawon kamar faɗin tafin hannu. Ranar nan Iya ta tafi wurin suna a maƙwabcin ƙauye, za ta kwana biyu. Azubuike ya duba ya ce wannan ɗan sassaƙar ba za ta kashe bishiya ba, a shafa laka a wurin, tsohuwa ba za ta ma lura ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, na goyi bayansa. Na ce masa hadari ya fara haɗuwa da yamma, kuma tafki ba ya haƙuwa in laka ta jiƙe.

Munzali ya ce, "To in ta dawo ai zan gaya mata. Kun san zan gaya mata. Me aka yi ke nan?"

Azubuike ya ce shi ya sa tun farko ba a zuwa kasuwa da Munzali.

Maimakon guduma, sai Munzali ya kawo jak na babbar mota ya kwantar da shi, ya tokare shi da jikin sarƙa, ya sa guntun ƙarfe tsakaninsa da kan ƙusar. Ya naɗe kututturen da buhunan algarara ya jiƙa su sharkaf, sannan ya kawo garwashi a kasko yana gasa gidan ƙusar. Aikina shi ne zuba wa buhunan ruwa kada zafi ya kai ga ɓawo. A danna jak kaɗan, a jira, a ƙara garwashi, a sake dannawa. Wuni biyu muka yi a haka cikin zafin bazara. Rana ta biyu wajen la'asar sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga, awaki suka watse, ƙusar ta faɗo kan yashi tana hayaƙi.

Ba a daɗe ba Iya ta dawo. Ba ta ko shiga gida ba. Ta zo ta yaye buhunan ɗaya bayan ɗaya, ta bi kututturen da tafin hannu tana shafawa har ta zagaye shi. Munzali ya nuna mata wani reshe a sama wanda ya karye lokacin da ya hau duba salansa, ya ce wannan shi ya yi. Ta dube shi, ta dubi reshen. Ta shiga gida ta fito da wata tukunyar ƙasa an ɗaure bakinta da tsumma. A ciki akwai wani abu naɗe da tsohon rawani.

Maganeto ne, yana ƙyalli da mai.

Ta ce mijinta ya kwance shi tun shekarar farko don kada ɓarayi su tayar da katafilar, kuma da zai rasu ya ce kada ta ba kowa sai mai ita. Masu takardar cewa katafilar tasu ce sun zo sau biyu a baya, dukansu gatari suka fara tambaya.

Azubuike ya kama kai. "Haba Iya! Kano sau biyu fa na je."

Ta ce, "Ai ka sha mangwaro."

Washegari da safe duk ƙauyen ya fito. Munzali ya ɗaura maganeto, ya zuba fetur, ya yi bisimilla ya ja igiya. A ja na shida ƙaramin injin ya kama da ƙara kamar injin niƙa. Ya bar shi ya yi zafi, sannan ya haɗa shi da babban. Babban ya yi ta juyi yana fitar da farin hayaƙi, ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sai ya ɗauka. Ƙasa ta shiga rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Bishiyar ma ta girgiza, nunannun mangwaro suka fara zubowa kan murfin inji da kan Munzali. Mata suka yi guɗa suna tara zannuwa. Yana dariya, hula a karkace, ya ja sandunan, sarƙoƙin suka ɓalle daga yashi, katafila ta ja da baya a hankali ta fito rana. Wani manomi mai suna Hussaini ya kawo shanun huɗarsa biyu, aka ƙara da na maƙwabcinsa, suka ja cebur gaba. Bishiya ta tsaya ita kaɗai.

Da aka mayar mata da cebur, ta burtali Munzali ya bi da katafilar zuwa Tudun Auta, don sarƙa tana ɓata kwalta. Tafiyar kwana biyu ce, Fulani na kauce masa da shanu suna ɗaga hannu. Ya yi kwana shida yana haƙa, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, yana tara lakar a gefen yamma inda na sa alama. A rana ta bakwai bayan azahar ruwa ya sauko. Ya fito da ita daga ramin da ƙyar, sarƙa na santsi, mutane na tsaye cikin ruwan ba wanda ya nemi mafaka.

Bai kai zurfin da na auna ba, kashi biyu cikin uku ya samu. Shi ya fara faɗar haka a ƙofar masallaci ranar Juma'a, kafin kowa ya tambaya. Kawu Mainasara ya ce a rubuta sauran sai baɗi. Tafkin bai ƙafe ba a shekarar sai da shamuwa ta kusa dawowa, ba a kuma kora shanu rijiya ba.

Bayan damina muka koma Gidan Ɗantsoho gaishe da Iya. Muka same ta a inuwar mangwaron, inda sawun sarƙoƙi biyu ya cika da ciyawa. Ta tambayi lafiyar ƙarfen kamar ana tambayar ɗiyar da ta yi aure. Da za mu tafi sai ta ciro ƙwallon mangwaro daga gefen zane, ta nuna wa Munzali, ta ce tana da abin dasawa amma awaki sun ƙaru, ko yana da wata matacciyar da ba ya so.

Mako na zagayowa ya jawo mata gangar jikin wata tsohuwar tarakta daga tsakar gidansa, babu inji babu taya. Zubaida ta ce a bar mata kujerar saboda kaji. Kafin ya sauke ta sai da ya tara mutum biyu, ya shaida wa Iya cewa akwai rami a gefen hagu wanda ɗan akuya zai iya bi, sai ta toshe da ƙaya.